Kakin da Ba a Auna Ba

Tun ƙarfe sha biyu na rana Valdirene ta kasa zama wuri ɗaya. Ta zauna a benci, ta tashi, ta leƙa baranda, ta koma ta sake wanke hannun da bai taɓa komai ba. A can barandar ɗakin gwaji, ƙarƙashin rufin kwano, an ajiye wani tsohon gwangwanin biskit. Aikin ɗalibai goma sha huɗu ne a cikinsa, na jarrabawar ƙarshe a darasin haɗa magunguna. Kowa ya zuba guda shida na maganin zazzaɓin yara, irin wanda ake cusawa ta dubura idan yaro yana amai ba ya riƙe na sha.

Dokar Farfesa Aldenor ce wannan, kuma ta girmi wasu daga cikin ɗaliban. Shi dai ba ya duba maganin da aka ciro daga firji. Cewa yake mutanen da suka rubuta littafin darasin a ƙasar sanyi suke zaune, su kuwa mutanen wannan jiha ta Pará a jirgin ruwa maganinsu yake isa gare su, kusa da inji, tsakanin buhunan garin rogo. Don haka gwangwani zai sha zafin birnin Belém daga tsakar rana har ruwan azahar ya sauka ya ɗauke. Wanda nasa ya fito a tsaye ya ci. Wanda nasa ya zama miya sai ya maimaita darasin a watan Agusta.

Abin da wuya, shi ya sa tsohon yake son sa. Da man koko ake yin maganin, wannan da ake yin cakulan da shi, saboda yana narkewa da ɗumin jiki ya saki maganin da ke cikinsa. To amma tsakanin zafin barandar nan da zafin jikin yaro digiri biyu ne ko uku. Sai an sa kakin zuma ya riƙe man, kashi biyar cikin ɗari, a kan sikeli. Idan ya gaza, magani ya narke a hanya. Idan ya yi yawa, yadda ya shiga jikin yaro haka zai fito, zazzaɓi na nan inda yake. Wata uku Farfesa ya yi yana nanata musu wannan, yana buga alli a allo har ya karye.

Valdirene ta haddace shi kamar sunanta. Ita ce ta fi kowa ƙwazo a ajin, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar ci. Asibitin garinsu, can cikin tsibirin Marajó, ya yi shekara huɗu ba mai haɗa magani. An yi mata alkawarin gurbin, da sharaɗin ta kai takardar kammalawa kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ɗauko wani daga birni. Mahaifiyarta har ta share mata ɗaki.

Jiya da safe ta auna komai daidai, ta rubuta a takarda, ta sa hannu. Ta narkar da man a hankali, ta ɗiga kaɗan a bayan cokali don ta gani, sai ta ga kamar ya yi laushi. A nan ne hankalinta ya tashi. Ta tuna ranar da 'yar yayarta, Marinete, take jijjiga saboda zazzaɓi, aka ɓare maganin da jirgi ya kawo, sai mai ya tsiyayo a hannun nas, aka ɓare na biyu, aka ɓare na uku. Yarinyar ta rayu, amma da ƙyar. Kafin Valdirene ta gama tunani, yatsunta sun gutsuro kaki sun jefa a tukunya, yadda ta taso ta ga mata suna ƙara gishiri a miya. Ta sake gutsurowa don zuciyarta ta kwanta. Takardar kuwa ta bar ta yadda take.

Ba kuma wanda zai gane. Injin ruwan ɗumi da ake gwada narkewa da shi ya lalace tun bayan bikin Ista, ana ta jiran mai gyara. Bana Farfesa zai duba tsayuwa a baranda, narkewa kuwa zai dogara da abin da ɗalibi ya rubuta ya sa hannu.

Mazubin da ake daskarar da maganin a ciki ya fitar mata da guda bakwai. Shida suka shiga gwangwani. Na bakwan, da agogo ya buga sha biyu, ta shiga banɗaki ta naɗe shi a 'yar leda ta cusa a hammatarta, ta matse hannu. Ta ce wa kanta minti talatin ya isa ta ji ya zama ruwa, ta huta.

Ƙarfe ɗaya ya yi, tana jin sa kamar tsakuwa.

Ƙawarta Josiane ta shigo da soyayyen kifi da garin rogo a roba, ta ajiye a gabanta. Josiane 'yar birni ce, bakinta ba ya hutawa, kuma ta riga ta sallama cewa nata maganin yanzu haka ya dama kunu a cikin gwangwani.

"Ke 'yar tsibiri, me ya samu hannunki? Tun ɗazu kin manne shi kamar kaza mai karyayyen fiffike."

Valdirene ta ce mata ƙurji ne.

"Ƙurji ko tsoro? Idan ke kina tsoro, mu irinmu sai mu tafi kasuwa mu kama sayar da kifi. Ci abinci, don Allah, kina sa ni jiri da wannan kai da kawowa."

Ta ci loma biyu da hannun hagu, ta ture. Ta fita baranda ta dubi sama. Ruwan da kullum yake zuwa kamar ma'aikaci, yau ya ga dama ya makara. Hadari ya haɗu a bayan bishiyoyin mangwaro ya tsaya cak. Rigarta ta jiƙe da gumi. Ta yi ta ba kanta hujja: hammata ba cikin jiki ba ce, ledar ce ta tare ɗumi, ba kuma wani yaro da za a ba wannan maganin, jarrabawa ce kawai, gobe kwandon shara zai tafi. Duk gaskiya ne, amma ko ɗaya bai sa ta iya zama ba. Abin da yake cin ta shi ne ta san hannun nan da ya gutsuro kaki shi za ta tafi da shi tsibiri, inda ba Farfesa ba baranda, kuma a can duk abin da ta rubuta a takarda shi nas za ta yarda da shi.

Sai uku saura ruwa ya ɓarke. Ya yi ta dukan kwano har ba a jin magana, sannan ya ɗauke kamar an rufe famfo. Farfesa Aldenor ya fito daga ofis da rajista a hammata, tabarau a ƙarshen hanci, ya sa aka shigo da gwangwani.

An sha dariya, an kuma sha kunya. Na mutum huɗu sun kwanta sun haɗe. Na Josiane ya sunkuya amma bai faɗi ba, Farfesa ya juya shi ya ce wannan kamar mashayi yake, sai dai mashayin da ya iya kai kansa gida, ya ba ta ci da ƙyar. Da ya zo kan na Valdirene, ya ɗauko ɗaya ya ɗaga wa aji su gani. Ya matsa shi da babban yatsa. Ya dubi takardarta, ya dube ta ta saman tabarau. Sannan ya rubuta mata maki mafi yawa, ya ce mutanen Marajó sun yi sa'a.

Aji ya watse da hayaniya. Josiane ta ja ta su tafi, Valdirene ta ce mata ta yi gaba, za ta ɗauko jaka. Ta kai bakin ƙofa ta dawo. Ta sake kai bakin matakala, ta tsaya tana kallon ruwa yana gudu a kwata. Tsoro take ji, tana kuma jin haushin kanta da ta kasa yin abin da kowa zai yi, wato ta tafi gida ta kira mahaifiyarta.

Farfesa yana tattara takardu lokacin da ta shigo. Ta sa hannu cikin riga, ta ciro ledar, ta warware a kan teburinsa. Maganin yana nan da tsininsa, ko gefensa bai goge ba.

"Tun sha biyu yake jikina, Farfesa."

Ya dubi agogon bango. Ya ɗauki maganin, ya ji ɗuminsa a tafin hannu, ya matsa, bai lotsa ba. Ta gaya masa yadda aka yi, a gajarce, ba ta ambaci Marinete ba, ba ta ambaci gurbin aikin ba, shi ma ya san da shi, don shi ya rubuta mata wasiƙar shaida. Ya zauna a hankali, ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Na ji taurinsa a yatsana ɗazu," ya ce. "Sai na ce wa kaina sanyin ruwan sama ne. Ina so ki ci, 'yata, shi ya sa ban tambaye ki ba."

Ya buɗe rajista ya nemo sunanta, ya riƙe alƙalami a sama. Ta ga yana neman mata hanya. Ya ce idan ta faɗi adadin, za su gyara takardar, ya rage mata maki saboda kuskuren lissafi, ko da ƙyar ta tsallake.

"Giram nawa kika ƙara?"

Za ta iya cewa ɗaya, za ta iya cewa biyu, kuma zai rubuta. Ta dubi yatsunta.

"Ban auna ba, Farfesa."

Ya mayar da tabarau. Sannan ya ja layi a kan makin, ya rubuta Agusta a gefe.