Cibiyar Farfela

Manasse mutum ne da in ya ce abu mai kyau ne, masu garka na bakin tafkin Madarumfa ba sa sake dubawa. Ya daɗe yana noman albasa gefe da gefe da maƙwabcinsa Abdurrahman. Ran Juma'a su tafi masallaci ya tsare musu injinan ban ruwa, ran Lahadi ya tafi majami'a su shayar masa da shuka. Wannan yarda ita ce dukiyarsa, don garkarsa ba ta fi ta kowa ba.

Ƙanensa Yoshiya yana aiki a wata masana'antar roba a Kano, kuma Allah ya hore masa baki. Da ya zo Kirsimeti, ana cin tuwo, ya hana kowa sakat da labarin farfela, fankar nan da ke tura ruwa a cikin inji. Ya ce ba roba zalla ba ce. Ana gauraya ta da ƙananan zaren gilashi, a narkar, a tura ta wata ƴar kafa cikin mazubin ƙarfe. Inda robar ta bi, nan zaren ke kwantawa, kamar ciyawa bayan ruwa ya wuce ta kanta. In ta tsakiya aka tura, zaren ya bi tsawon kowane fiffike, farfela ta yi ƙarko. In ta gefe ce, sai ya kwanta a gicciye a gindin fiffiken, wata rana ta ɓalle. Wurin turawar yakan bar ɗan tabo, shi suke kira cibiya. Har ya ce wani tsohon mazubi ya fitar musu da masu cibiya a gefe, an zuba a buhu za a niƙe. Lai'atu, matar Manasse, ta ce ya ci tuwonsa dai kafin ya huce.

Da aka dasa albasa sai ga Yoshiya da kwali cike da farfela. Ya roƙi wansa ya yi masa magana da mutane su saya. Manasse ya bi garka garka yana cewa ƙanensa ne ciki ɗaya, shi ya tsaya masa. Yoshiya da kansa ya ɗaura wa kowa, ya mai da murfi ya ɗaure. Mutane har yaba ladabinsa suke yi.

Albasa ta fara sa kai, zafi ya kankama, sai farfelar Abdurrahman ta ɓalle. Ta wani maƙwabcinsu Sadiƙ ta biyo baya, sannan ta Balaraba, wadda garkar ce abincin marayunta. Kafin a samo wasu daga Maraɗi shuka ta kwanta. Injin Manasse kuwa yana ta kuka lafiya lau, kowa na jin sa daga nesa. Ba wanda ya zage shi, da ma zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Juma'a ta zo, ba wanda ya bar masa tsaron inji.

Da la'asar Abdurrahman ya zo ya sa masa ɓallen farfela a hannu. "Taka dai ba ta karye ba, Manasse," in ji shi, ya juya.

Manasse ya jujjuya ɓallen, sai ga cibiya a gefe. Ya tuna da buhun nan da Yoshiya ya ce za a niƙe. Ya kashe injinsa ya kwance murfi. Tasa cibiyar tana tsakiya daram.

Ya kira Yoshiya a waya, yana fatan yaron ya ce kuskure ne. Yoshiya bai ma musa ba.

"Haba Yaya, ni in cuce ka? Ai taka da hannuna na zaɓa maka."

Manasse ya kashe wayar. Da bakinsa aka yi wannan cuta, kuma wai gata aka yi masa.

Ya ciro farfelarsa ya tsallaka garkar Abdurrahman, ya miƙa masa da hannu biyu. Abdurrahman ya dubi farfelar, ya dubi albasarsa da ta bushe a kwance. Bai miƙo hannu ba.

"Mai da abinka," in ji shi a hankali. "Mi za ta shayar yanzu?"