'Yar Fitila a Dajin Setapak

Muttaka ya rasu a tsakiyar dokar kullen korona, a wani asibiti a Kuala Lumpur. Matarsa Ruƙayya tana killace a ɗakinsu na unguwar Setapak, don haka a waya ta kalli jana'izar: mutum kaɗan cikin fararen kaya ruf, ko idonsu ba a gani, suka saka shi a rami suka watse.

Karatun digirin digirgir a kan tsirrai ne ya kawo su ƙasar. Kafin a kulle gari, duk Asabar Muttaka yakan hau dajin da ke kan tudu bayan unguwarsu, yana neman wani fure da bai kai ɗan yatsa ba. Ba shi da ganye. Bayan an sha ruwa yake leƙowa daga ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, ya kwana biyu ya ɓace. Sau ɗaya ya taɓa ganinsa, ya sa masa suna 'yar fitila. Ruƙayya ba ta taɓa bin sa ba, tsoron matsattsaku da birai take. Gudummawarta ɗaya ce: wata tsohuwar atamfarta ruwan goro da ta ba shi ya yayyaga, yana ɗaurawa a rassa don kada ya ɓata.

Da ta fita takaba an sassauta kulle. Maƙwabciyarta Sharifa, ɗaliba 'yar Zariya, ta matsa mata.

"Anti Ruƙayya, zaman ɗakin nan ya isa haka. Zo mu sha iska mana."

"To mu je dajinsa," in ji ta.

Da hantsi suka hau, ƙasa jiƙe da ruwan jiya. Ba su yi nisa ba Sharifa ta zauna kan wani kututture tana haki a cikin takunkumi, ta ce ita nan za ta jira. Ruƙayya ta ci gaba. A wata kwana ta ga tsumman atamfarta ɗaure a reshe, rana da ruwa sun kwashe masa launi. Ta taɓa shi, ta hango wani a gaba. Haka ta riƙa bi, har hanya ta rabu da ta mutane, kukan motoci ya ɗauke.

Na ƙarshen bai koɗe ba. Launinsa shar, ƙullin a matse, kamar da safen nan aka ɗaura.

Tana tsaye wani tsoho Basine ya gangaro da sanda. Ya dubi tsumman, ya dube ta, ya ce cikin Turancinsu na nan, "Dogon nan baƙi kike nema? Mai tonon ganye?"

"Ka san shi?"

"Makon jiya ma ya nuna min furensa. Can, gindin itacen nan."

"Baba, mijina ne. Ya rasu tun kafin azumi."

Tsohon ya gyara takunkuminsa, ya ce wataƙila wani ne, yanzu kowa fuskarsa a rufe take, shi kuma idonsa ya tsufa. Ya wuce, bai waiwayo ba.

Ruƙayya ta durƙusa a gindin itacen. An riga an share ganyen gefe guda, a hankali, yadda hannu ke yi. Ga furannin nan guda uku, jajaye-jajaye, kowanne da 'yar hula a ka, haske na ratsa su. Ta daɗe tana kallo. Ta so ta yi kuka bai zo ba, sai ta karanta masa Ƙulhuwallahu, ta mayar da ganyen ta rufe su.

A hanyar dawowa ta ji taku a bayanta. Idan ta tsaya ya tsaya. Ba ta ji tsoro yadda ta zata ba, amma ba ta juya ba.

Ta tarar da Sharifa inda ta bar ta, suka kama gangara tare. Sun kusa titi Sharifa ta ce, "Anti, wa kike jira ne?"

"Kamar yaya?"

"Duk reshen da muka wuce sai kin riƙe shi, kamar akwai mai zuwa a baya."

Ruƙayya ta dubi hannunta. Reshe ne a ciki. Ta ɗan ƙara riƙe shi kafin ta saki.

Washegari ta kira ofishin jirgi ta ɗage tafiyarta ta komawa gida Kano, ta ce wa mahaifiyarta takardu ne ba su kammala ba.