Farantin Kan Dutse

Tawfiq bai runtsa ba har aka kira assalatu. Yana idar da salla ya saka sifanar ɗaure noti a aljihu ya nufi unguwar Mpape, yana ta juya abin da ya hana shi barci.

Aikinsa na digiri na biyu shi ne ya kai intanet unguwar da ke gindin tsauni ba tare da jan waya ba. Ya kafa farantan sadarwa a kan rufin gidaje, kowanne na fuskantar ɗan'uwansa. Duka suna aiki lafiya, ban da wanda ya ɗaure a kan ƙaton dutsen da ke bayan gidan Mama Asibi. Tun farkon damina siginarsa take raguwa, kaɗan-kaɗan, ba ta taɓa komawa sama ba. Da ruwan sama ne, da ta dawo in gari ya washe. Da na'urar ce ta lalace, da ta mutu gaba ɗaya.

Jiya Dokta Clara, malamar da ke duba aikinsa, ta yanke masa magana.

"Iska ce ta karkatar da shi. Je ka daidaita, ka kawo mini sakamako mai kyau. Mako mai zuwa za ka tsaya gaban malamai, ba na son surutu."

Ya tarar da Mama Asibi tana shanya barkono a tsakar gida. Ita ce ta ba shi izinin hawa dutsen, bisa sharaɗi guda: kada ya jawo mata gwamnati. Sau biyu tana ganin an shafa wa gidajen maƙwabta jan fenti, kafin motar rusau ta biyo baya.

"Ɗan boko, ka zo gaida matarka na kan dutse?" ta ce tana dariya.

"Na zo, Mama. Ko yara sun hau can?"

"Wa zai hau? Ko akuya ya daina kwana a wurin."

Ya hau a hankali. Farantin yana nan inda ya bar shi. Ya sa sifana a noti na farko, ya ji shi gam. Na biyu ma haka. Tsatsa ta rufe su ruf, babu alamar hannu ya taɓa su. Ya tsuguna ya bi bakin farantin da ido. Da can yana kallon rufin cocin da ke ƙetaren kwari, inda ɗan'uwansa yake. Yanzu ƙasa da cocin yake kallo, wajen wata bishiyar mangwaro.

Ya daɗe a tsugune. Farantin bai motsa daga jikin dutsen ba.

Sai a lokacin ya lura da shirun wurin. Babu ƙadangare ko ɗaya, alhali da har kan jakarsa suke hawa. A wani ɗan rami da ruwan sama ke taruwa, tsohuwar shaidar ruwa ta zagaye bakin ramin, amma ruwan na yau ya kwanta gefe guda, wajen gidaje. Daga nesa masu fasa dutse suka tayar da nakiya. Ƙarar ta wuce, sannan ya ji wani abu a tafin ƙafarsa, kamar mutum na gurnani cikin barci.

Ya sauko da baya-baya.

"Mama, dutsen nan yana sunkuyowa. Yana zuwa kan ɗakinku."

Ta dube shi, ta dubi dutsen, ta yi dariya.

"Kakana ya same shi a nan. Shi zai zo yau?"

"Ina roƙonki ku kwana wani wuri. Ke da jikokinki."

"Mu da maƙwabcina Nathan da matansa da dukan layin nan? Ina za mu je?" Ta daina dariya. "Ka gyara abinka ka tafi, ɗana. In ka faɗa wa oga na ofis, ba dutse za su ɗauke ba. Mu za su ɗauke."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san juyi kaɗan na sifana zai mayar da farantin kan cocin, siginar ta cika, Dokta Clara ta sa hannu. Daga nan babu sauran abin da zai nuna cewa dutsen ya taɓa motsawa. Mai yiwuwa ya ƙara shekara ashirin a haka. Mai yiwuwa ruwan daren yau ya ishe shi.

Wata ƙaramar tsakuwa ta gangaro, ta faɗa cikin barkonon. Mama Asibi ta tsince ta, ta jefar, ba ta ɗaga kai ba.

Tawfiq ya mayar da sifanar aljihu. Ya fita bakin hanya, ya nemo lambar hukumar agajin gaggawa. Da aka tambaye shi wane gida ne, ya waiwaya. Tana tsaye a ƙofa tana kallonsa.

Ya faɗi sunanta, ya kwatanta layin.