Gudumar Julius

Tun da Julius kafinta ya kama hayar shago da ɗaki a gidanmu na Kazaure, Baba ya daina kiran sunana da daɗi. Ni ne Sabiru, ɗansa na fari, amma da ya buɗe baki sai "yaron nan Julius". Julius ya gyara masa kujera, Julius ya kai shi asibiti a babur. Har furar da ake dama wa Baba sai an ɗibar masa. Ba zan ɓoye ba, abin yana cina a rai.

Shi ya sa da maƙwabta suka fara ƙorafin bugun guduma bayan azahar, lokacin da kowa ke ɗan kishingiɗa, na ji kamar an yi mini kyauta. Na bi su gida-gida ina zugawa. Lauwali mai shayi, wanda gidansa ke can bayan layi, shi ma sai da na jawo shi. Muka kai ƙara wurin mai unguwa, buƙatarmu ɗaya: Julius ya tashi.

Ranar zaman, Baba ya zo yana dogara sanda. Julius ya durƙusa ya gaida kowa da karyayyiyar Hausarsa.

Mai unguwa ya ce, "Kwana huɗu kana hana mutane barcin rana. Me kake bugawa haka?"

"Ranka ya daɗe, aikin Baba ne. Ya ce kada in faɗa."

Na yi caraf na ce, "Kun ji ko? Da tsoho zai fake!"

Baba ya gyara zama. "Makarar masallacinmu ce. Katakon gefenta ya karye tun jana'izar Malam Nafi'u, kowa ya gani ya kau da kai. Da safe Julius yana aikin mutane, sai da rana yake samun sarari."

Lauwali ya hau susar ƙeya, ni kuwa na rasa inda zan sa idona.

Mai unguwa ya yanke cewa a ƙarasa aikin gobe da hantsi, daga nan ba guduma tsakanin azahar da la'asar. Maganar tashi kuma a bar ta.

Na matsa zan ɗaga Baba. Ko kallona bai yi ba.

Ya ce, "Kai na fara gaya wa, Sabiru, har sau biyu. Ka ce sai ka dawo daga kasuwar Babura." Sannan ya miƙa wa Julius hannu. "Tashe ni, ɗana."