Ganin Damar Maiguwa

Shekarar da fara ta cinye geron Adar, mutanen wani ƙauye kusa da Garhanga suka fara ɗaure kaya suna bin hanyar kudu. Alƙasim ya daɗe yana jinkiri saboda mahaifinsa Maiguwa, wanda ƙafafunsa suka kumbura har ba ya iya kaiwa bakin rijiya. Jaki ɗaya ya rage musu. In ya ɗauki tsohon, to yaransa biyu da salkar ruwa sai su bi ƙasa.

Da matarsa Jaratu ta dafa ɗan ƙaiƙayin da ya saura, Alƙasim ya je ya durƙusa gaban uban, idonsa a ƙasa.

"Baba, gobe za mu tashi. In ka ga dama mu tai tare. Ba dole."

Alƙasim ya san maganar ba ta dace da wurin ba. Da ita ake tayin ƙarin tuwo ga baƙon da ya ƙoshi, da ita ake zancen nafila. Ya so uban ya zage shi, ya ce a ɗaure shi bisa jakin ko ana so ko ba a so.

"Ganin dama sai mai ƙafa," in ji Maiguwa. "Amma tunda ka ba ni, na karɓa. Nan zan zauna. Ɗora ɗiyanka."

Suka bar shi hannun Mairamu, wata tsohuwa maƙwabciya da ita ma ba ta da mai ɗaukarta. Ba su kai Bangi ba ƙaramar yarinyar ta rasu a kan jakin. Alƙasim ya binne ta gindin wata aduwa, suka wuce.

Da ruwa ya sauka ya dawo shi kaɗai don ya yi shuka. Mairamu ta nuna masa kabarin uban.

"Kada ka ɗora wa kanka, ɗana," ta ce. "Shi ya zaɓa, kowa ya shaida."

"Mi aka aje gabanai da zai zaɓa, Inna?"

Alƙasim ya tsinto duwatsu ya jera a kan kabarin saboda kuraye, sannan ya saɓa sungumi ya nufi gona da irin da bai kai cikin ƙwarya ba.