Jarkokin Maganin Feshi

Dunoma duba-gari ya kwance murfin jarka ta uku ya shinshina. Ƙanshin man gyaɗa ne ya fara zuwa, a bayansa kuma wani wari mai kama da na kananzir. An kankare takardar jikin jarkar, amma hoton ƙoƙon kan mutum bai gama fita ba.

"Iya Larai, wannan ai jarkar maganin feshin gonar barkono ce."

Tsohuwar ta gyara zama a kan tabarmarta. Shekara ashirin tana sayar da mai a kasuwar Gashuwa, kowa ya san ta.

"Sau uku na wanke, ɗan nan. Da toka, da sabulu, da ruwan zafi."

"Ba ya fita, Iya. Cikin robar yake shiga. Mai kuma jawo shi yake yi."

"To wa ya mutu?"

Dunoma ya ajiye murfin. Ya sa aka juye man a wani tsohon duro, aka ɗaure jarkoki tara a bayan babur ɗinsa. Larai ba ta yi kuka ba, ba ta kuma zage shi ba. Ta naɗe tabarmarta tun kafin azahar ta tafi.

A bayan ofishinsu akwai ɗakin da ake tara irin waɗannan kaya. Ƙonawa ba ta yiwuwa, hayaƙin guba ne. Binnewa kuma, ruwan fadama a kusa yake, taƙi kaɗan za ka haƙa ka tarar da shi. Jira ake a aiko mota ta kwashe, shekara biyu ke nan.

Bobboi mai gadi ya buɗe masa ƙofa yana kallon ƙasa. Ɗakin da Dunoma ya sani cike har rufi, yanzu ko rabi bai kai ba.

"Ina sauran?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ni ma haka nake gani suna raguwa."

Dunoma ya kwance jarkokin ya fara jerawa. Da ya kifar da ta farko, sai ya ga jan fenti a gindinta, alamar da shi da kansa yake yi wa duk abin da ya kama. Ya duba sauran. Bakwai cikin taran sun taɓa shiga hannunsa.

Ya aika aka aro masa wuƙa wajen mai tsire. Ya zauna a bakin ƙofa, yana tsaga kowace jarka daga wuya har gindi. Har la'asar yana abu ɗaya, hannunsa ya yi bororo.

Bobboi ya ce a hankali, "Ko a haka 'yan bola-jari suna so. Narkarwa ake a yi bokiti."

Dunoma ya dakata da wuƙar. Ya dubi tarin robar da ke gabansa.

"Ba ni makullin ɗakin," ya ce.