Don Macario Ba Ya Cin Abincin Titi

Duk unguwarsu da ke bayan babbar kasuwar Toluca an san Don Macario da wani cika baki guda: wai shi tun da ya auri Herminia bai taɓa sa abincin titi a bakinsa ba. Ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa. Ita kuwa Doña Herminia sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, don mace ce da har yau da hannunta take murza ƙullin masara ta gasa tortiyarta, wato 'yar gurasar masara, kuma wannan yabo yana yi mata daɗi ba kaɗan ba.

Ƙarya yake shararawa. In ya rufe shagonsa na gyaran takalma, sai ya zagaya ta lungu ya tsaya a rumfar Nabor mai sayar da tako, wato nama naɗe a tortiya, ya narki na harshen saniya da koren yaji, ya goge gashin baki, ya isa gida ya zauna wa girkin matarsa kamar wanda ya wuni da yunwa. Ba wai girkinta ya gaza ba ne, kwaɗayi ne kawai irin na tsofaffi. Abin da yake tsoro a duniya shi ne ta gane, ta ɗauka ya gaji da hannunta.

Sai ga 'yarsu Yesenia ta samu aikin jinya, ta kafe a kan ranar Lahadi bayan coci ita za ta ciyar da su a waje. Kuma duk rumfunan garin nan ta rasa wadda za ta zaɓa sai ta Nabor. Macario ya ce cikinsa na murɗa, ya ce hadari ya haɗu, ya ce mai aikin asibiti ba ta kai iyayenta wurin ƙuda. Yarinya ta saƙalo hannunsa ta ja shi.

Rumfar ta cika maƙil. Kowa a tsaye da farantinsa, kitse na tsuwa a kasko, wuƙar Nabor na ta sara a kan kututture. Yana ɗago kai ya hango su, ya washe baki zai yi gaisuwa. Macario ya yi wuf ya riga shi, da murya har tsallaken titi:

"Bawan Allah, me kuke sayarwa a nan?"

Nabor ya dube shi, ya dubi matar, ya gane. Shi kuwa mutum ne da ba a ba shi irin wannan dama ya bari. Ya gyara fuska ya shiga yi wa baƙo bayanin mene ne tako: ga nama, ga tortiya, haka ake naɗewa, kuma kai ake karkatawa, maigida, kada romo ya ɓata maka rigar coci. Masu cin abinci, waɗanda kullum tare suke tsayawa da Macario, suka dinga ƙwarewa saboda dariya. Shi dai Macario gumi yake yi, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi.

To amma bakin Nabor ne ke wasa, hannunsa aikin da ya saba yake yi. Yana cikin surutu ya tsamo hanji, ya mayar da shi kasko ya soyu ƙayau, ya tsallake kwanon albasa, ya ninka tortiya biyu, ya ajiye farantin a gaban Doña Herminia, wadda ko abin da take so ba ta faɗa ba.

"Mama," in ji Yesenia, "yaushe kika faɗa masa ba kya son albasa?"

Nabor ya dafe kai. Herminia ba ta ko ƙifta ido ba. Ta matse lemun tsami, ta karkata kai, ta gatsa yadda sai wanda ya daɗe a harkar ke iyawa. Sai da ta haɗiye sannan ta ce:

"Nabor, daina wahalar min da tsoho. Ba shi harshensa da koren yajinsa. Ni ke wanke rigunansa, na san launin."

Ashe ita da hantsi take biyowa, in ta gama cefane. Wani sanyi ya ratsa Macario, ya yi dariya har sai da ya riƙe teburin, hawaye na bin gashin bakinsa. Da ya samu numfashi ya tambaye ta a hankali, tunda ta sani, me ya sa ta bar shi yana ta zuba a gaban jama'a.

Ta miƙa hannu ta tsinci yankan harshe daga farantin da aka ajiye masa, ta jefa a baki.

"Mijina na yabona a gaban mutane," ta ce, "ni kuma in hana shi?"